Tsarabar da ke kumbura cikin hanjin yaro

Akwai wani abin wasa da ya shigo kasuwanninmu ba sallama, kuma da yawanku kun san shi ko da ba ku san sunansa ba. Ƴan ƙwayoyi ne masu launi-launi, ja da shuɗi da ɗorawa da kore, a cikin ƙaramar leda. In suna bushe ba su wuce ƙwayar hatsi ko ta dawa ba. A zuba su cikin ruwa da dare, da safe a tarar sun cika kwano, sun yi sul-sul, suna sheƙi kamar alawa. Da Faransanci ana ce musu billes d'eau, a TikTok kuma sunan Orbeez ya fi yawo, ko da yake wannan sunan kaya na kamfani ɗaya ne. Mu dai a nan bari mu ce musu ƙwallon ruwa. Ana ganinsu a teburin masu sayar da alawa a bakin lekol, a wurin masu kayan Sallah, a cikin kwalaben furanni na ɗakin amarya, da kuma cikin irin bindigogin roban nan da samari ke harbin juna da su.

Matsayin wannan shafi a kai gajere ne: wanga abu bai kamata ya shiga gidan da ke da ƙaramin yaro ba, kuma bai kamata a bar shi ana sayar da shi a matsayin kayan wasa a Nijar ba. Ga dalili.

Abin da aka yi shi da shi dangin sinadarin nan ne da ke cikin famfas ɗin jarirai, wanda ke shanye fitsari ya riƙe. Aikinsa ke nan, shan ruwa. Hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi a Amurka, CPSC, ta ce ƙwaya ɗaya tana iya ninka girmanta har sau 100. Hukumar Birtaniya mai irin wannan aiki, a gargaɗin da ta fitar a watan Satumba 2024, ta ce akwai wanda ke kaiwa sau 400. Kuma ƙwallon nan bai san bambancin ruwan randa da ruwan cikin mutum ba. Duk inda ya sami laima zai sha.

Yaro ya haɗiye dala biyar ko tsakuwa, hankali na tashi, amma sau da yawa abin na fitowa a bayan gida yadda ya shiga. Shi ko wannan, yana shiga ƙarami, ya wuce maƙogwaro ba tari ba kuka, uwa ma ba ta san an yi ba. Ya isa tumbi ya fara sha. Ya gangara cikin ƙaramin hanji yana ci gaba da kumbura, har ya kai inda hanyar ta yi masa ƙunci, sai ya tsaya ya toshe ta kamar yadda ake toshe bakin tulu. Daga nan abinci ba ya wucewa, iska ba ta wucewa. Yaro ya fara amai, ciki ya kumbura, kashi ya tsaya. In aka daɗe, hanjin na iya ruɓewa ko ya huje. A 2012 likitoci a jihar Texas ta Amurka sun ba da rahoton wata jaririya ƴar wata 8 da aka yi wa aiki aka ciro ƙwallo guda daga hanjinta, ya kai santimita 3.5. Ku ɗauki ƙaramin lemun tsami ku duba, sannan ku dubi cikin jaririn da ke gidanku.

Abin da ya fi muni shi ne ba ya fitowa sosai a hoton radiyo. Ƙarfe na fitowa fari fat, shi kuwa wannan kusan duk jikinsa ruwa ne, sai ya saje da hanjin. Hoton zai iya nuna alamar toshewa, amma ba zai nuna abin da ya toshe ba. Eko na iya kama shi, in akwai na'urar kuma akwai wanda ya san abin da yake nema. To wa zai nemi abin da ba a gaya masa an haɗiye ba?

Mutanen da suka fi mu kayan aiki ma abin ya ba su wahala. CPSC ta ƙiyasta cewa daga 2018 zuwa 2022 an kai kusan mutum 7,000 sashen gaggawa na asibitocin Amurka saboda haɗiye ƙwallon ruwa. A watan Yuli 2023 wata yarinya ƴar wata 10 ta rasu a jihar Wisconsin. A watan Satumba na shekarar aka janye wajen fakiti 52,000 na irin wanda ta haɗiye daga kasuwa, kuma kafin shekarar ta ƙare manyan kantuna irin su Amazon da Walmart da Target suka sanar da daina sayar da ƙwallon ruwan da ake tallatawa domin yara. A Faransa hukumomin lafiya sun yi gargaɗi tun ƙarshen 2019, bayan mutuwar wani yaro ɗan shekara 2 a wannan shekarar. Kuma kada wani ya ce ciwon ƴaƴan Turawa ne: tun 2012 likitocin yara a Pakistan suka rubuta labarin wani jariri ɗan wata 6 da ya rasu bayan an yi masa aiki a kan wannan abu.

Ku lura da inda waɗannan abubuwa suka faru. Wurare ne da uwa ke ɗaukar salula ta kira ambilas ta zo ƙofar gida. Wurare ne da ke da lambar da ake kira dare da rana in yaro ya sha guba. Duk da haka an rasa yara.

Yanzu mu dawo gida. Mu ɗauki yaro ɗan wata tara a wani ƙauye na Kurfai ta Tsakiya, can wajen Cikal. Ya fara amai ranar Talata. Abu na farko da za a ce shi ne haƙori ne. Kowa ya san wannan magana, kakanninmu da ita suka raine mu. In amai bai tsaya ba a ce zazzaɓi ne, ko shawara, ko ya sha nono mai zafi. A jiƙa masa tsimi, a ɗura masa ruwa, a shafa masa mai a ciki. Ranar Laraba da marece, da aka ga ciki ya yi tauri, a nemi amalanke ko mota a kai shi likita mafi kusa. Ma'aikacin da ke can, wanda wataƙila shi kaɗai ne a kan ƙauyuka da yawa, zai yi abin da aka koya masa kuma abin da ya fi yawa a gabansa: gwajin zazzaɓin cizon sauro, maganin amai, ruwan gishiri da sukari. Ba laifinsa ba ne. A cikin yara ɗari masu amai da ke zuwa wurinsa, nawa ne suka haɗiye abin wasa? In ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya rubuta takarda zuwa asibitin gunduma a Filinge. In a can aka ga sai an buɗe cikin jariri, aikin da ke buƙatar ƙwararren mai fiɗar yara da mai sa barci da ya saba da jarirai, to magana ta koma Yamai. Kilomita wajen 180 ke nan, ta Bonkuku da Baleyara, a yankin da kowa ya san ba kowane lokaci ake kama hanya ba, kuma ba a fita da dare yadda aka ga dama. Duk wannan lokaci ƙwallon yana nan inda ya tsaya.

An ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne tun 2006, kuma a 2024 hukumomi sun sanar da rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati. Madalla. Amma kuɗin mota ba ya cikin kyautar. Abincin mai jinya a Yamai ba ya ciki, kwanakin da uba zai bar gona ko kasuwa ba su ciki. Akuya za a sayar, wani lokaci har da tunkiyar da aka ajiye domin layya, duk a kan ledar da aka saya da ƴan canji.

Akwai kuma wani abu game da irin zaman gidajenmu da masu rubuta gargaɗi a Turai ba su yi tunaninsa ba. Su shawararsu ita ce a yi wasan a kan tebur, babba na kallo, in an gama a share a ƙirga. Mu a tsakar gida ake wasa, a kan yashi. Leda ɗaya na ɗauke da ɗaruruwan ƙwayoyi, wa zai ƙirga su? Suna da santsi, suna tsalle, suna gangarawa ƙarƙashin tabarma da bayan turmi. Kuma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: in ƙwallon ya bushe yana komawa ƙarami kamar yadda yake da farko, kuma in ya sake samun ruwa zai sake kumbura. Ranar Kurfai kuwa ba ta wasa da busar da abu. Wanda ya faɗi yau, jibi ya koma ƙwayar hatsi mai launi cikin yashi, tsintsiya ba ta kwashe shi duka, idon babba ba ya ganinsa. Idon mai rarrafe ne ke gani, don shi fuskarsa a ƙasa take, kuma duk abin da hannunsa ya ɗauka baki ya nufa.

Sannan wa ke raino a gidajenmu? Uwa na rijiya, ko daka, ko kasuwa. Ƴar shekara bakwai ce ke goye da ƙanenta. Ita aka saya wa ƙwallon, ita ta isa wasa da shi, an ma ja mata kunne kada ta sa a baki. Amma ƙanen da ke gefenta ba a saya masa ba, ba a ja masa kunne ba, kuma ba ya magana. A ƙasashen da aka bi diddigin abin, sau da yawa haka labarin yake: kayan yaya ne, ƙane ya haɗiye. In ma yarinyar ta ga lokacin da ya sa a baki, tsoron duka zai sa ta yi shiru. Wannan shirun na iya cin kwana biyu, kuma kwana biyun nan su ne komai. Iyaye, don Allah, in yaro ya zo ya ce ƙanena ya haɗiye wani abu, a fara gode masa kafin a nemi bulala.

Ba ciki kaɗai ba ne. Yara na cusa shi a kunne da hanci, can ma ya sami laima ya kumbura. A kunne yana iya lalata dodon kunne har ji ya ragu. In ya bi ta hanyar numfashi yana iya zama a huhu. Su kuma bindigogin da ke harba shi, ido suke nema. Ɗan ƙwallon laushi ne a hannu, amma da gudu yake fita, kuma likitocin ido a ƙasashe da dama sun yi ta ba da rahoton raunukan da yake yi. Samari masu harbin juna a bakin titi ana ɗauka a bidiyo, ku tuna ido ba ya da sifiya.

To wa ke kawo shi ƙauye? A nan ne maganar ta zo kanmu, mu masu karanta wannan shafi. Tsohuwar da ke Cikal ba ta kallon TikTok. Mu ne ƴan birni, ɗalibai da ma'aikata da ƴan ci-rani, mu ke tsayawa a Babbar Kasuwa ko Katako ko Wadata jajibirin Sallah muna neman tsarabar da za ta burge ɗiyan yayyenmu ba tare da aljihu ya ji jiki ba. Abu mai launi, mai araha, mara nauyi a jaka, wanda yaran ƙauye ba su taɓa gani ba. Mu ba su, mu ɗauki hoto suna murna, bayan kwana uku mu hau mota mu koma. Ragowar ƙwayoyin kuma su zauna cikin yashin gidan har damina.

Haka ƴan uwanmu mata masu sana'ar kwalliyar biki da jeren ɗakin amarya. Ƙwallon ruwa cikin kwalba da fitila yana da kyau a hoto, ba musu. Amma gidan biki gidan yara ne. Kuma ɗakin amarya na bana, baɗi war haka akwai mai rarrafe a cikinsa in Allah ya yarda.

Mun san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Za a ce zazzaɓin cizon sauro da tamowa da gudawa su ke kashe yaranmu, ku bar mu da zancen kayan wasa. Gaskiya ne su suka fi kisa, nesa ba kusa ba, kuma ba mu daina magana a kansu ba. Amma sauro ba mu muke sayo shi da kuɗinmu mu miƙa wa yaro da hannunmu ba. Yaƙi da tamowa na buƙatar damina mai kyau da zaman lafiya da kasafin kuɗi. Wannan kuwa abin da yake buƙata shi ne kada ka saya. Cikin dukan matsalolin da ke kan yaran Kurfai, da wuya a sami wadda ta fi ta sauƙin kawarwa, shi ya sa barinta zai zama abin kunya. Wani kuma zai ce ai mu ma mun yi wasa da tsakuwa da ƙwallon goriba da murfin kwalba, ga mu nan da ranmu. Haka ne. Tsakuwa ba ta girma a ciki.

Game da masu tebur, kada kowa ya je ya yi musu ihu ko ya ɗauki hotonsu ya baza. Mai tebur ya sari abin ne a dozin daga hannun wanda ya saro daga wani, ledar ko ba rubutu, ko rubutun da harshen da ba ya karantawa. Shi ma yana da ɗiya a gida, kuma ba mamaki ya kai musu. In ka yi masa bayani da mutunci, ka ce baba ko malam, wanga abu kaza yake yi a cikin yaro, mafi yawansu za su ji. Ribar da ke ciki ba ta kai ya ɗauki alhakin rai ba, shi ma ya sani. Wanda ya kamata a tuhuma yana sama: mai shigo da kwantena, da ƙofar da kwantenar ta bi ta wuce.

Domin ba sai an yi duba ba kafin a gane cewa in manyan kantunan Amurka suka rufe ƙofa, injin da ke buga ƙwallon ba ya tsayawa. Kayan za su nemi kasuwar da ba a tambaya. Mun ga haka da magungunan jabu, mun gani da man shafe-shafe, mun gani da maganin ƙwari. Nijar tana da dokar kare masu saye tun 2015. Tana da hukumar ANMC da aka ɗora wa aikin ƙa'idojin inganci da tantance kaya. Tana da duwan a kan iyakoki, tana da ma'aikatar kasuwanci. Abin da muke nema daga gare su bai kai a kira taron bita a otel ba: takarda ɗaya da za ta hana shigo da ƙwallon ruwa da sayar da shi a matsayin kayan wasan yara, a aika wa duwan da masu sa ido a kasuwanni. In akwai masu buƙatar irin wannan sinadari domin renon itatuwa, tunda ana amfani da danginsa wajen riƙe laima a ƙasa kuma ƙasa irin tamu na iya amfana, to a shigo da shi a buhu da sunansa na aikin gona, ba mai launin alawa a ledar yara ba.

Ma'aikatar lafiya kuma, sanarwa ɗaya zuwa ga cibiyoyin lafiya ta isa ta canza abubuwa: in an kawo ƙaramin yaro da amai mara tsayawa da kumburin ciki, a ƙara tambaya ɗaya, akwai ƙwallon ruwa a gidan? A nuna wa uwa hotonsa a salula, don ba lalle ta san sunan ba. Kantomomin da ke riƙe da ƙananan hukumomi tun 2024 ba sai sun jira Yamai ba, kasuwannin mako na hannunsu. Gidajen rediyon al'umma su faɗe shi da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci. Limamai su ba shi minti biyu bayan sallar Juma'a. Ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC-Wadata, ga magana ta zo ƙofarku.

Kafin su motsa, ga abin da ke hannunmu. In ana zaton yaro ya haɗiye, ko da yana wasa yana dariya, a tafi likita a ranar, kada a jira alama, domin alamar na iya ɗaukar yini ɗaya ko fiye kafin ta fito. Kada a sa masa yatsa a baki don ya yi amai. Kada a ɗura masa ruwa ko mai ko tsimi ko maganin wankin ciki da niyyar abin ya wuce. A tafi da ledar, ko da ƙwallo ɗaya a kwalba, a nuna wa lokotoro, a gaya masa ƙarara cewa abin yana kumbura kuma ba ya fitowa a radiyo. Ba raini ba ne, taimako ne. In yaro ya ƙi nono, yana amai musamman mai kore-kore, ciki ya kumbura, kashi ya tsaya, jiki ya saki, to ba a kwana da shi a gida. In a kunne ne ko hanci, kada a ɗiga ruwa ko mai, kada a sa tsinke ko ashana, ɗiga ruwan ma shi zai ƙara masa girma. Wannan hanzari ya shafi ƙananan batura masu kama da maɓalli da ke cikin kayan wasa masu walƙiya, su kam cikin awoyi kaɗan suke ƙone maƙogwaro, amma wannan zancen wata rana ne.

Wanda kuma ke da shi a gida yanzu, kada a watsa a juji. Jujinmu filin wasa ne, kuma kaji da awaki na kiwo a kai. Kada a zuba a kwata. A tattara, busasshe da jiƙaƙƙe, a ƙulle a leda biyu, a jefa a ramin masai ko a binne da zurfi nesa da gida. Sannan a ɗaga tabarmi, a share inda aka yi wasan, a kwashe yashin saman a fitar. In kai ka kai tsarabar ƙauye a Sallar da ta wuce, ɗauki salula yau ka kira, ka ce a ba ka matar gidan da kanta, don ita ta san inda yaran suka zauna da kwanon.